Daga Bordeaux zuwa Milan: idan kamfanin jari ya sayi ƙungiyarka

Masu bin ƙwallon Faransa ba su manta da Girondins de Bordeaux ba. Sau shida ta ci kofin ƙasar, na ƙarshe a 2009. A can Zinedine Zidane ya yi suna kafin ya wuce Juventus a 1996, kuma ɗan ƙasarmu Moussa Maazou ya sa rigarta a 2010 lokacin da CSKA Moscow ta ba da aronsa. A 2024 wannan ƙungiya ta tsinci kanta a rukuni na huɗu, tana karawa da ƙananan garuruwa.

Labarin ya faro ne a watan Nuwamban 2018, lokacin da gidan talabijin na M6 ya sayar da ita ga kamfanonin zuba jari biyu na Amurka, GACP da King Street, a kan kusan yuro miliyan 100, wato sama da biliyan 65 na sefa. Irin waɗannan kamfanoni ba da kuɗin aljihunsu kaɗai suke ciniki ba. Suna tattara dukiyar asusun fansho da kamfanonin inshora da attajirai, da alkawarin mayar da ita da riba bayan ƴan shekaru. Su sayi abu, su ɗaga darajarsa, su sayar. Abin da ya ja su ga ƙwallo shi ne kuɗin talabijin da cinikin ƴan wasa.

A Faransa lissafin bai fita ba. Annobar korona ta rufe filaye a 2020, sannan kamfanin Mediapro da ya sayi haƙƙin nuna wasannin Ligue 1 ya kasa biya. A watan Afrilun 2021 King Street, wanda ya riga ya saye kason abokinsa, ya ce ba zai ƙara zuba ko sisi ba. Ɗan kasuwa Gérard Lopez ya karɓa, amma bashi ya riga ya yi katutu. Bordeaux ta ƙare a ƙarshen tebur a 2022. A Yulin 2024, bayan tattaunawa da masu Liverpool ta watse, ta ajiye matsayinta na ƙwararru, aka sallami ƴan wasa, aka rufe cibiyar horar da matasa da ta fitar da Aurélien Tchouaméni da Jules Koundé. Kamfani ya yi asara ya wuce gaba. Ma'aikata da magoya baya ne suka kwana da abin.

Sai dai kar a yi wa abin kuɗin goro. A Italiya, kamfanin Elliott ya ƙwace AC Milan a 2018 bayan mai ita, Li Yonghong ɗan China, ya kasa biyan bashi. Elliott ya rage albashi, ya sayi matasa irin su Rafael Leão da Theo Hernández, Milan ta ci kofin Serie A a 2022, karon farko cikin shekara 11. Ana gama biki ya sayar da ita ga wani kamfanin jari, RedBird, a kan yuro biliyan 1.2. Maƙwabciyarta Inter ma ta hanyar bashi ta faɗa hannun Oaktree a watan Mayun 2024, makonni kaɗan bayan ta ci kofi.

Magoya bayan Chelsea, da ba su da kaɗan a fadodinmu, su ma nasu ya zo. Tun 2022 kamfanin Clearlake ne ke riƙe da kaso mafi girma. Kwantiragin shekara takwas da aka riƙa ba ƴan wasa kamar Mudryk da Enzo Fernández dabarar lissafi ce: ana raba kuɗin sayen ɗan wasa a kan shekarun kwantiraginsa, sai nauyin kowace shekara ya ragu a takarda. A 2023 UEFA ta toshe wannan ƙofa, ta ce rabon ba zai wuce shekara biyar ba.