Taimin: Me Ya Sa Fulogi Ke Riga Fistin?

Fetur da iskar da aka matse a cikin silinda ba fashewa suke yi nan take ba, ci suke yi. Wutar na tashi daga bakin fulogi ta bazu, kuma tana buƙatar ɗan lokaci, komai ƙanƙantarsa. Fistin kuwa ba ya jira. Abin da ake so shi ne ƙarfin wutar ya kai maƙura bayan fistin ya taɓa ƙololuwa ya fara sauka, wajen digiri 15 na juyawar karanshaf. Dole ke nan tartsatsi ya tashi tun fistin na kan hawa. Wannan rigayen shi makanikai ke kira taimin, kuma da digiri ake auna shi. Maharbi ya san dabarar: gaban tsuntsu ake aunawa, ba inda yake ba.

Sai dai gudun inji ba ɗaya ba ne. A sulo, inji na juyi 600 a minti, karanshaf na cin digiri 3.6 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A juyi 3,000 kuwa digiri 18 yake ci. Wutar ba ta ƙara sauri daidai da haka, don haka sai an ƙara rigaye. In aka zana yawan rigayen da kowane gudu ke buƙata, za a sami layi mai hawa sannan ya miƙe. Mu kira shi layin rigaye.

A motar Ford Model T ta 1908, direba ke daidaita shi da hannu, da wani mariƙi a jikin sitiyari. Daga baya aikin ya koma cikin distiributa, wadda Faransawa ke kira delko, daga sunan kamfanin Charles Kettering na Amurka. Duk wanda ya buɗe ta Peugeot 504 ya ga ƙarafa biyu ɗaure da sifirin. Gudu na ƙaruwa, suna buɗewa, tartsatsi na ƙara sammako. A gefe kuma akwai ɗan gwangwani mai aiki da zuƙar inji: in an ɗan taɓa totur kawai, cakudar da ke shiga kaɗan ce, a hankali take ci, sai ya ƙara rigaye, fetur ya yi auki.

Gyaran layin a irin wannan mota canza sifirin ne da iyakance buɗewar ƙarafan, sannan a duba da fitilar taimin. Sifirin mai laushi yana kawo rigaye da wuri. Tsofaffin injunan Amurka masu silinda takwas kan so kusan digiri 10 a sulo, 34 zuwa 36 a wajen juyi 3,000.

In rigaye ya gaza, mota ta yi nauyi, ta sha mai, ta yi zafi. In ya yi yawa, ragowar cakudar ta fashe da kanta, a ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, kuma hakan na iya cinye fistin. Fetur mai ƙarancin oktan ya fi saurin jawo wannan. A motocin yanzu kwamfuta ke riƙe da jadawalin rigaye bisa gudu da nauyin aiki, tana da na'urar da ke jin ƙarar, ta ja taimin baya.

A ganina, juya distiributa da kunne har inji ya yi daɗin sauti a sulo wuri ɗaya kawai yake gyarawa a layin. Sauran sai an hau titi, an taka totur a hawa, sannan a san gaskiyarsa.