Gidajen Talakawa: Daga Ranar Ba da Kwangila Ake Gane Ƙarkonsu

Duk wanda ya zaga garuruwan arewa ya san "gidajen Shagari". A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara domin masu ƙaramin ƙarfi. An gina wasu, amma da yawa sun zama kangaye, wasu kuma an kai su can bayan gari inda babu ruwa babu hanya. To, ina gizo yake saƙa? Sau da dama, a teburin da ake ba da kwangila.

Hukumar Gidaje ta Tarayya, wato FHA, wadda aka kafa a 1973, ita ce ta gina unguwar Festac a Legas da Gwarinpa a Abuja. Amma ba ma'aikatanta ke jera bulo ba, 'yan kwangila take bai wa aikin. Saboda haka Dokar Ba da Kwangila ta 2007, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ta hau kanta kamar sauran hukumomin tarayya, kuma hukumar BPP ke sa ido a kai. Jihohi kuwa suna da nasu dokokin, alal misali Kaduna ta yi tata a 2016.

Dokar ta ce a yi shelar aikin a jaridu aƙalla biyu na ƙasa, kowa ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe a bainar jama'a, da 'yan sa ido daga ƙungiyar masu sana'ar da kuma ƙungiya mai zaman kanta. Wanda ya fi rangwame cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, shi ke samun aikin, ba surukin mai gida ba.

Sai dai, mai karatu, ba da kwangila somin taɓi ne. Inda gidaje suka fi mutuwa shi ne wajen kuɗin kafin alƙalami: ɗan kwangila ya karɓa, ya haƙa harsashi, ya yi layar zana. Don haka aka ƙayyade kuɗin, kada ya wuce kashi 15 cikin 100, kafin gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga kamfanonin cikin gida. Ba a bayarwa sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya masa. Bayan nan ba a ƙara ko kwabo sai an duba aikin, an ba da takardar shaidar inda ya kai. Ita ma hukuma ba a bar ta haka ba: in ta wuce kwana 60 ba ta biya abin da aka tabbatar ba, sai ta biya da ƙari. Ma'aikacin da ya karya dokar, ɗaurin shekara 5 ne aƙalla ba zaɓin tara, ga kuma kora daga aiki.

Doka dai a takarda take, ba ta auna siminti da kanta. In aka kafa allon sabon aikin gidaje a garinku, ku karanta, ku tambayi wa aka bai wa, nawa ne, yaushe za a gama. Mu tuna, iyalin wani ne za su kwana ƙarƙashin wannan rufin da damina.