Turancin da korona ta bar mana

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku 'yan ND 1 da ke fama da GNS 101, ina da shawara kan abin da za ku riƙa karantawa don gyara Turancinku. Ku koma kan abubuwan da aka rubuta, aka faɗa, aka rera a lokacin korona. Na san wani zai ce wa ke son tuna wannan bala'in? Ku dai saurara.

Abin da ke ba mu wahala a karatun Turanci sau da yawa ba kalmomin ba ne kaɗai, labarin ne kansa baƙo. To na korona ba baƙo ba ne. A idonmu aka sanar da mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, aka rufe makarantu a Maris, aka kulle Kano a Afrilu, sallah ta zo babu hawa, maniyyata suka haƙura da aikin hajji. In ka ɗauki rahoton BBC ko sanarwar NCDC ta wancan lokacin, rabin maganar ka riga ka sani. Sai hankalinka ya koma kan yadda aka ƙulla jimlar.

Ɗauki "quarantine" da "isolation". Mu da Hausa duk killacewa muke cewa, amma a Turancin likitoci ta farkon ta wanda ya yi hulɗa da mai cutar ce, ana jira a ga ko ya kamu, ta biyun kuma ta wanda ya riga ya kamu ce. Ita "quarantine" ɗin ma asalinta daga Italiyanci ne, daga kalmar arba'in, don kwana arba'in ake tsare jirgin ruwa a Benis kafin a bar mutanensa su sauka. "Lockdown" kuwa, wadda muka kira dokar kulle, ita ƙamus ɗin Collins ya zaɓa kalmar shekarar 2020.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce "palliative". A Ingila in ka ji ta, yawanci a asibiti ne, ana nufin kulawar da ake yi wa majinyacin da ba a sa ran zai warke, a rage masa raɗaɗi kawai. A Najeriya fa? Shinkafa ce da taliya da katan ɗin Indomie. Ita ce mutane suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da wasu garuruwa suna kwasa a Oktoban 2020, kuma ta sake dawowa bakin kowa a 2023 bayan cire tallafin man fetur. Yanzu ka rubuta wa Bature cewa gidanku kuna jiran "palliative", wallahi zai ɗauka wani ne ke kan gargara. Ni ban ce namu kuskure ba ne. Ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmominmu irin su "okada" da "danfo" da "Kannywood" a Janairun 2020. Amma wanda zai rubuta takardar neman aiki ko neman gurbin karatu a waje dole ya san wace ma'ana ce ke tsallaka iyaka, wace ce ke tsayawa a gida.

Sai yadda kowace al'umma ta karɓi annobar, nan ne kayan karatun suka fi yawa. A Birtaniya duk ranar Alhamis da ƙarfe 8 na dare mutane sun riƙa fitowa ƙofar gida suna yi wa ma'aikatan lafiya tafi. Wani tsohon soja, Kyaftin Tom Moore, yana da shekara 99, ya zagaya lambun gidansa sau 100, ya tara sama da fam miliyan 30 don tallafa wa ma'aikatan lafiya. A Italiya waƙa aka riƙa yi daga barandar benaye. A Yuganda, Bobi Wine ya fitar da waƙar gargaɗi da Turanci mai sauƙin bi. Mai son gyara kunne ya nemi jawabin Sarauniya Elizabeth na 5 ga Afrilun 2020 a YouTube: bai kai minti biyar ba, kuma a hankali take magana. Ka saurara sau biyu, ka rubuta abin da ka ji, sannan ka gwada da rubutaccen.

Mu kuma ba tafi muka yi ba. Alƙunut aka yi, da sadaka, da miƙa wa maƙwabci kwanon tuwo ta katanga, ga kuma masu rantsuwa cewa babu wata korona, neman kuɗi ne kawai. Aikin da na fi so a ba ɗalibi shi ne ya bayyana wannan da Turanci ga wanda bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba. Me ya sa ƙin ba dattijo hannu ya yi mana nauyi? Me ya sa barin tazara a sahu ya dami mutane fiye da sa takunkumi? Yaya za ka fassara zaman makoki, har ya gane abin da aka rasa da aka hana shi? Babu inda za ka kwafo amsar, dole ka nemo kalmomin da kanka, kuma sakin layi ɗaya irin wannan ya fi shafi uku na hadda amfani.

In za ku yi a rukuni, ku lura da abu guda. Cikinmu akwai waɗanda suka rasa iyaye ko kakanni a mace-macen da aka yi a Kano a Afrilu da Mayun 2020. Kada a tilasta wa kowa ya rubuta labarin gidansu. Wanda bai so ba, a bar shi ya rubuta kan kasuwa ranar da aka ɗaga kulle, ko kan yadda farashin takunkumi ya tashi.