Kundin Zane: Guzurin Mai Son Karanta Ilimin Zanen Gine-gine

Duk matafiyin da ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal, ko ya karkata zuwa ƙauyukan Kebbe, zai lura da cewa ginin ƙasa yana ja da baya, bulo da kwano suna maye gurbinsa. To amma idan watan Afrilu ya kama, zafin rana ya haura digiri 40, sai ka tarar ɗakin kwano ba ya shiguwa da tsakar rana, alhali tsohon soro na nan da sanyinsa. Da damina kuma labari ya sauya, ginin ƙasar da aka yi sakaci da yaɓensa shi ne ke zubewa. Wane ne zai zana mana gidan da zai haɗa sanyin soro da ƙarfin bulo, kuma talaka ya iya gina shi? Mai wannan aiki yana iya kasancewa yau yana zaune a ajin sakandare a Tambuwal ko Kebbe. Domin shi da malamansa aka yi wannan rubutu.

Ilimin zanen gine-gine fanni ne da ya haɗa lissafi da kimiyya da fasahar hannu. A Nijeriya an fara koyar da shi a shekarar 1952 a Ibadan, sannan aka dawo da sashen Zariya a 1955, inda ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa ta a 1962. A yau ana koyar da shi a jami'o'i da dama, har da Jami'ar Bayero ta Kano. Ƙofar shiga ita ce jarrabawar JAMB, kuma ana bukatar kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks, tare da wasu darussa irin su Kemistiri, Jogirafi ko Zane. Ya kamata ɗalibi ya duba littafin ƙa'idojin JAMB na shekararsa, domin sharuɗɗa sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

MENE NE KUNDIN ZANE?

Kundin zane shi ne tarin ayyukan hannun ɗalibi, waɗanda ya zaɓa ya jera domin a ga yadda yake kallon abu da yadda yake tunani. Jami'o'i da yawa a Ingila da Amurka suna neman wannan kundi kafin su ɗauki ɗalibi a wannan fanni. A nan gida maki ne ke shigar da mutum, amma tun daga shekarar farko zane ne aikin yau da kullum, kuma wanda bai taɓa horar da hannunsa ba yakan sha wuya. Saboda haka kundin yana da amfani biyu: guzuri ne, kuma gwaji ne da ɗalibi zai yi wa kansa kafin ya ɗaura niyyar karatun da, idan aka haɗa da digiri na biyu, yakan kai shekara shida.

A ɗakin gwajin ilimin halittu, abu na farko da muke gaya wa sabon ɗalibi shi ne ya zana abin da idonsa ya gani, kada ya zana abin da ya haddace daga littafi. Idan aka ba shi ganyen dogonyaro, sai ya ƙirga, ya auna, ya sa wa kowane sashe suna. Wannan horo shi ne ainihin abin da ake nema a kundin zane. Bene mai hawa goma da aka kwaikwayo daga kalanda ba ya nuna komai game da mai zanen. Rumbun gidanku, idan ka zana shi da awo da bayani, ya fi shi daraja nesa ba kusa ba.

ABUBUWAN DA ZA A ZANA

Fara da rumbu. Zana shi daga gaba, sannan ka zana shi kamar an tsaga shi biyu. Tambayi kanka dalilin da ya sa aka ɗora shi a kan duwatsu. Amsar tana cikin ilimin halittu: tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa tana hana laima hawa, tana rage ɓarnar gara da ɓera, iska kuma tana ratsawa ta ƙarƙashi. Hular ciyawar da ke kansa tana tunkuɗe ruwan sama daga jikin yaɓe.

Daga nan sai gida. Nemi izinin maigida, ka auna zaure da tsakar gida da ɗakuna, ka zana su kamar tsuntsu ne ke kallo daga sama bayan an ɗauke rufi. Yi amfani da ma'auni na 1:50, wato kowace santimita 2 a takarda tana wakiltar mita ɗaya a ƙasa. Nuna gabas da kibiya, ka nuna inda baƙo yake tsayawa da inda idonsa ba ya kaiwa. Tsarin zaure darasi ne a kan kunya da mutunta iyali, kuma wanda ya iya nuna wannan a takarda ya fara fahimtar cewa gini hidimar mutane yake yi.

Sai rufin soro. Ɗaga kai ka dubi yadda aka jera azara. Daga giginya ake tsaga ta, itace mai tauri wanda gara ba ta cika cinsa ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa magina suka ƙago dabarar bakan gizo da ɗaurin guga domin rufe manyan ɗakuna. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, shi ne gagarabadan wannan fasaha. Zauna da tsohon magini na garinku, ka tambaye shi yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a yi tubali, da yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango domin ya jure ruwa. Rubuta abin da ya ce, ka zana hannunsa yana aiki.

ƘARAMIN GWAJI

Kundi yakan ƙara armashi idan akwai awo a cikinsa. Ari ma'aunin zafi daga ɗakin gwajin makaranta. Zaɓi ɗakin soro da ɗakin kwano masu kusan girma ɗaya, ka riƙa auna zafinsu da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, har tsawon mako guda, sannan ka fitar da jadawali. Bango mai kauri yana shan zafi sannu a hankali, ya riƙe shi, ya sake shi bayan sa'o'i, kwano kuwa nan take yake miƙa zafi cikin ɗaki. Wataƙila ka tarar da dare soron ya fi ɗumi. Rubuta abin da ka samu ko da ya saɓa wa zatonka, domin haka kimiyya take.

Kada a manta da suri. Ginin Eastgate da ke Harare a Zimbabuwe, wanda aka kammala a 1996, mai zanensa Mick Pearce ya ɗauki darasi ne daga surin gara wajen sanyaya shi da iska. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa suri ya fi kama da huhu, wato yana musayar iska tsakanin gidan gara da waje. Zana suri, da sheƙar tsuntsu, da saƙar zuma mai kusurwa shida, ka yi bayanin abin da magini zai koya daga kowane.

YADDA AKE HAƊA KUNDIN

Kayan aiki ba su da tsada: fensir, rula, magogi, tef ɗin awo da farar takarda mai faɗi. Zaɓi ayyuka 12 zuwa 15 mafiya kyau. Rubuta kwanan wata da wuri da gajeren bayani a ƙarƙashin kowane. Kada ka jefar da zanen farko mai kurakurai, ajiye shi kusa da gyararren, domin masu dubawa suna son ganin yadda tunani ya tashi ya girma. A ƙarshe ka sa aiki ɗaya na ƙirƙirarka, misali ajin makaranta mai sanyi, tare da ɗan samfurinsa na kwali ko kara ko yumɓu. Ɗauki hoton komai da waya a cikin hasken safe, saboda yawancin jami'o'in waje ta intanet suke karɓar kundi. Adana takardun a wuri busasshe, nesa da gara. Sharaɗi mafi girma shi ne kada ka sa aikin wani ka ce naka ne. Tambaya ɗaya a wurin ganawa ta isa ta tona asiri.

Ga mai ganin cewa ɗan ƙauye ba shi da rabo a wannan fage, ga misalai. Falke Barmu, maginin gargajiya, ya fara ginin masallacin ƙasa na Yama a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar a 1962, kuma ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Francis Kere, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, ya koyi kafinta kafin ya karanta zanen gine-gine a Jamus. Ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare da bulon ƙasa a 2001, sannan a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin. Mariam Issoufou Kamara ta Nijar, tare da abokiyar aikinta, ta zana masallaci da ɗakin karatu na garin Dandaji, da bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Wannan ya nuna fagen na mata ne kamar yadda yake na maza.

Kira ga malamai shi ne, ko da makaranta ba ta da malamin zane, malamin ilimin halittu da na lissafi da na jogirafi suna iya haɗa kai su fita da ɗalibai sau ɗaya a zango, su auna gini guda. Tsofaffin magina suna ƙarewa, kuma kowane soro da ya faɗi ba a zana shi ba, ya tafi da iliminsa. Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ɗalibin da ke aji huɗu a yau, idan ya riƙa yin zane ɗaya kowane mako, zai kammala sakandare da zane sama da ɗari da zai zaɓa daga ciki. Allah Ya ba da sa'a.