GYARA KAYANKA: YADDA AKE RAGE WA MAI HAƊAMA GUDUN INTANET BA TARE DA AN ƁATA ZUMUNCI BA

 

Maganar da na ɗauko muku yau ƙarama ce a ido, amma ta isa ta sa 'yan ɗaki ɗaya su yi sati ba sa ga maciji da juna. A da abin da ke haɗa faɗa a tsakar gida bai wuce layin famfo ko dutsen guga ba, yanzu kuwa ɗan akwatin nan ne mai fitilu da ke raba Wi-Fi, wato rauta. Maigida ya sa datar wata guda, ba a rufa kwana goma ba sai a ji ta ƙare. Ke kina son gwada tambayoyin JAMB, shafi sai juyi yake ya ƙi buɗewa. Umma na waya da Anti da ke aure a wani gari, murya sai tsinkewa take. A can ɗakin samari kuwa wani ya jera fina-finai yana saukewa, ko a jikinsa.

Abin da aka saba yi shi ne a faki ido a canza kalmar sirri. To 'yar uwa, wannan gyaran gangar auzinawa ne. In ƙaninki ne, zai kai ƙara wajen Umma. In kuwa ke amarya ce, shi kuma ƙanin miji ne, kafin la'asar magana ta isa gidan surukai, a ce tun yanzu kin fara raba shi da danginsa. Ni dai a nawa ganin, korar mutum gaba ɗaya ba ita ce mafita ba. A yanka masa kasonsa, kuma a yi shi da saninsa.

Bari mu fara da fahimtar abin. Ki ɗauki intanet ɗin gidanku kamar tankin ruwa mai bututu ɗaya. Ruwan da ke cikin tanki shi ne datar da aka saya, wadda ake ƙirgawa da giga. Faɗin bututun kuwa shi ne gudu, ana auna shi da megabit a daƙiƙa, wanda za ki ga ana rubutawa Mbps. Idan mutum ɗaya ya jona tiyo yana cika duro, famfon kowa sai ya koma ɗiga, tankin kuma ya yi saurin ƙafewa. Kin ga ke nan ɓarna biyu yake yi a lokaci guda.

Ga lissafin, ba wuya. Gudun Mbps 1 yana iya jan megabayit 450 a awa ɗaya. Saboda haka idan gudun gidanku Mbps 10 ne, kuma aka sakar wa waya ɗaya shi duka, za ta iya shanye giga 4.5 a awa guda. Amma idan aka tsayar da ita a Mbps 2, komai haɗamarta ba za ta wuce megabayit 900 a awa ba. Kuma kada ki ce an zalunce shi, domin YouTube da kansu sun ce wajen Mbps 1.1 ya wadatar a kalli bidiyo mai matsakaicin haske na 480p, 2.5 kuma ya isa na 720p. Saƙon WhatsApp da kiran murya kuwa ko rabin haka ba sa ci. Abin da zai rasa kawai shi ne kallo mai tsananin haske, irin wanda a Netflix kan lashe har giga 3 a awa.

To amma fa kafin ki nuna wa kowa yatsa, ki bincika, don ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa wanda ake zargi bai ma san abin da wayarsa ke yi ba. Waya tana ɗaukar duk wani Wi-Fi a matsayin ruwan Allah. Da ta ji an jona ta, sai ta shiga sabunta manhajoji, ta kwashi hotuna da bidiyon biki tana ɗorawa a Google Photos ko iCloud, mai ita yana ta sharar barci. Wannan ɗorawar ita ce ta fi kashe kiran bidiyo, domin hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci, da ta cika sai muryar Umma ta tsaya a layi. Wallahi wani lokacin in aka bi diddigi, wayar mai ƙorafin ce ma ɓarauniyar.

Yanzu ga yadda ake yi. Ki jona wayarki da Wi-Fi ɗin, ki juya rautar ki duba takardar da ke manne a ƙarƙashinta, za ki ga wasu lambobi irin su 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma galibi 192.168.8.1. Ki rubuta su a inda ake rubuta adireshin shafi a Chrome. Zai tambaye ki kalmar sirrin shugabanci, wadda daban take da ta shiga Wi-Fi. In har yanzu wadda ta zo da ita daga kanti ce, ki canza ta nan take, in ba haka ba duk abin da kika ɗaure wani zai shiga ya kwance.

Da kin shiga, ki nemi jerin na'urorin da ke jone. Kowace waya tana da lambar shaida mai harufa da lambobi 12 da ake kira MAC, wasu rautocin ma har suna nuna abin da kowace ke ja a lokacin. Ki gwada lambar da wadda ke cikin saitin Wi-Fi na wayar don kada ki ɗaure Baba a madadin ƙaninki, ki jawo wa kanki abin da ya fi ƙarfinki. Daga nan sai ki nemi wurin da aka rubuta Bandwidth Control, ko Speed Limit, ko QoS, gwargwadon kamfanin. Ki zaɓi wayar, ki sa mata iyakar saukewa da ta ɗorawa, misali 2 da kuma 1. Ki lura da ma'aunin fa, domin wasu tsofaffin TP-Link da Kbps suke ƙirga, a can Mbps 2 shi ne wajen 2000. In kika rubuta 2 kawai, kin kashe masa waya murus. Irin waɗannan tsofaffin kuma da lambar IP suke gane waya, ita kuwa tana iya canzawa, don haka sai kin shiga Address Reservation kin ɗaure wa wayar lamba ɗaya tukuna.

Sai dai kash, samarin yanzu ba a yi musu wayo sau biyu. Tun daga Android 10 da ta fito a 2019, da iOS 14 ta iPhone a 2020, waya kan nuna wa kowane Wi-Fi lambar MAC ta aro maimakon tata ta asali. Da mutum ya shiga saiti ya juya wannan zaɓin, rauta sai ta ɗauke shi baƙo, ya fice daga tarkon. Maganin wannan shi ne ɗakin baƙi, wanda ake rubutawa Guest Network. Wi-Fi ne na biyu a cikin rauta ɗaya, da sunansa da kalmar sirrinsa daban, kuma rautoci da yawa suna bari a sa masa iyakar gudu shi kaɗai. Sai a ba samari da baƙi da maƙwabta wannan, babban kuma a canza masa kalma a bar wa masu karatu da masu sana'a. Ko ya canza lamba sau ɗari, yana nan cikin ɗakin.

Idan kuma taku 'yar ƙaramar MiFi ce ta aljihu, da yawansu ba su da wannan saiti, iyakarsu su toshe waya gaba ɗaya ko su rage adadin masu shiga. A nan sai a gyara daga wayar: a Android a shiga saitin wannan Wi-Fi a mayar da shi Metered, a iPhone a kunna Low Data Mode, a kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, a rage hasken YouTube. Ki kuma tuna, Mbps 2 ɗin nan ma in aka kwana a kansa awa 5, giga 4.5 ne ya tafi. Saboda haka in tankin ne ke ƙafewa, sai a haɗa da ƙayyade lokaci a sashen Parental Controls.

Duk wannan mai sauƙi ne, mai wuyar ita ce magana. Ke yarinya ce a gidan, bai kamata ki rage wa Yayanki komai a kan gaban kanki ba. Ki sami Baba ko Umma, ko maigidanki in kina ɗakinki, ki nuna musu jerin nan su gani da idonsu, hukuncin ya fito daga bakin wanda ke biyan kuɗin. A faɗa a gaban kowa cewa daga yau ga kason kowa, kuma ki fara sa taki wayar a ciki, domin wanzamin da ba ya son jarfa ba a jin maganarsa. Idan kika yi a ɓoye, bawan Allah zai yi ta zagin kamfanin waya, wataƙila har ya kai wayarsa wajen mai gyara ya yi asarar kuɗi, ran da ya gano kuwa ba za ki ji da daɗi ba. Haka nan ranar da yake da jarrabawa ko neman aiki ta intanet, ki cire masa iyakar tun kafin ya roƙa. Data in ta ƙare gobe a sake sawa, amma ɗan uwa hannunka ne, ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.