TSUTSAR CIKI GA SHANUN TATSA: BAYANI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Dattawan ƙasar nan ba su manta da cutar bushiya ba, wadda ta kan shiga garke ta kashe shanu cikin 'yan kwanaki, kowa yana gani. A shekarar 1962 ƙasashen Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka haɗa kai wajen yi mata allurar rigakafi, a 2011 kuwa aka ba da sanarwa cewa ta ƙare a duniya duka. Amma akwai wata cuta da ta rage, wadda allurar rigakafi ba ta tsare ta, watau tsutsar ciki. Ita ba ta tayar da ƙura. Sai dai a ga nono yana raguwa a ƙwarya, saniya tana ramewa ko da ciyawa ta wadata, maruƙa kuma suna mutuwa ɗai-ɗai, har a ce ƙaddara ce kawai.

Hasarar ba ta tsaya ga mai shanu ba. Nonon saniya guda ne maraƙi ya ke rabawa da iyalin gida, shi ne kuma matan ruga su ke kaiwa kasuwa su sayo hatsi. In ya ragu, aka matsa wa saniya da tatsa, maraƙi ne ke kwana da yunwa, maraƙi mai yunwa kuwa shi tsutsa ta fi kayarwa. An rubuta wannan bayani domin Hakimai da malamansu su san inda cutar ta ke fitowa, gama yawancin hanyoyinta suna wuraren da ke ƙarƙashin kulawarsu, watau mashaya da fadama da burtali.

IRE-IREN TSUTSAR

Ta farko ita ce jar tsutsa mai zama a tumbi na ƙarshe, wanda ke haɗe da hanji. Tsawonta kamar inci 1 ne, siririya kamar zare, abincinta jini. Mace guda ta kan zuba dubban ƙwai a kwana ɗaya. Tana da 'yan'uwa a cikin hanji: wata ta kan sa ƙuraje masu tauri a jikin hanji, waɗanda mahauta su kan tarar, wata kuma 'ya'yanta su kan huda fata su shiga jiki in dabba ta daɗe tsaye cikin caɓi.

Ta biyu ita ce macijin ciki na maruƙa, fari ne, tsawonsa ya kan kai inci 12. 'Ya'yansa suna kwance a jikin uwa, in ta haihu su biyo dakashi da nonon kwanakin fari su shiga cikin maraƙi. Bayan kamar mako 3 sun girma, sun fara zuba ƙwai.

Ta uku ba tsutsa ba ce sosai, ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani sai da madubin likita, likitoci na kiranta koksidiya. Ta kan cinye fatar cikin hanji, ta sa zawo da jini da yawan yunƙuri, yawanci ga maruƙa daga mako 3 zuwa wata 6. Tana da 'yar'uwa mai kama maruƙa 'yan mako 1 zuwa 3, wadda ke iya kama yara masu wasa da su. Maganin tsutsa ba ya kashe waɗannan.

Ta huɗu ita ce tsutsar hanta, wadda mahauta ke kira matsattsaku, mai faɗi kamar ganye, tsawonta har inci 3. Ko da ya ke a hanta ta ke zama, ta baki ta ke shiga, ƙwanta kuma cikin kashi ya ke fita, don haka aka lissafa ta tare da sauran.

YADDA SU KE YAƊUWA

Tsutsar hanji ba ta ƙaruwa a cikin saniya. Kowace ɗaya da ke ciki daga waje ta shigo. Ƙwai ya kan fita cikin kashi, in akwai zafi da laima ya ƙyanƙyashe, cikin kamar mako 1 'ya'yan sun isa kamu. Ruwan sama ya watsa su daga kashin, su hau ciyawa cikin danshin raɓa, saniya ta haɗiye su. Bayan mako 3 zuwa 4 su ma sun fara zuba nasu ƙwai. Ta haka fili ɗaya ya kan ƙara ƙazanta wata bayan wata, har ya kai matuƙa wajen ƙarshen damina.

Zafin rani da bushewar ƙasa su kan kashe waɗanda ke kan ciyawa. Amma waɗanda saniya ta haɗiye a ƙarshen damina su kan laɓe cikin fatar tumbi, ba su girma, sai damina ta gabato su farka. Wannan ne ya sa a kan ga saniya ta kwanta da bazara, lokacin da fili ya ke ƙurmus, a rasa inda ta ɗauko cutar.

Matsattsaku hanyarsa dabam ce. Tilas ƙwansa ya faɗa ruwa, ɗan abin da ya fito ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi mai zama a ruwan da ba ya ƙafewa. A can ya ke ninkuwa, sa'an nan ya fito ya manne wa ciyawar bakin ruwa. Saboda haka lokacin kamunsa rani ne, sa'ad da garkuna su ke gangarawa fadamun Haɗeja da Nguru, da kwarin gulbin Sakkwato da Rima, da bakin Tabkin Chadi. Manyan madatsan ruwa irin na Kainji, wanda aka gama a 1968, da na Tiga, a 1974, da magudanan noman rani, sun ƙara wa dodon koɗi mazauni. Alamar cutar ba ta bayyana sai bayan wata 3 ko 4, garken ya riga ya bar wurin.

ABUBUWAN DA KE ƘARA HAƊARI

1. Ƙuruciya. Babbar saniya ta saba da tsutsa, jikinta yana iya danne ta. Maraƙi a daminarsa ta fari ba shi da wannan kariya.

2. Dangwali da ba a kaurar da shi. Maruƙan da a ke ɗaurewa wuri guda wata da watanni suna kwana cikin kashinsu, suna lasar ƙasa. Nan ne gidan koksidiya.

3. Cunkoso. Inda gonaki suka cinye burtali da hurumi, shanu masu yawa su kan taru a ɗan fili, su ci ciyawa har ƙasa, a gindin ciyawa kuwa 'ya'yan tsutsa suka fi yawa.

4. Mashaya guda ga garkuna da yawa, wadda shanu ke shiga cikinta suna kashi suna sha.

5. Yunwa da haihuwa. Saniya mai tsohon ciki ko mai sabuwar haihuwa ƙarfinta ya kan tafi ga ɗa da nono. In ba ta samun harawa ko dusa ko angurya, tsutsa ta kan sami galaba a kanta.

6. Irin saniya. Bunaji da Bokoloji da Rahaji sun fi jimiri. Shanun waje masu yawan nono da ruwa-biyunsu, waɗanda a ke kiwo a bakin birane, sun fi saurin jigata.

7. Baƙuwar dabba daga kasuwa, wadda aka saki cikin garke ba a ɗura mata magani ba.

ALAMU

Rama, da zawo, da gashi ya tashi ya daina sheƙi, da tumbi ya fito wa maraƙi. In aka buɗe fatar ido aka ga ta yi fari, jini ya ragu. Wani lokaci ƙarƙashin haɓa ya kan kumbura da ruwa. Amma sammore ma yana kawo rama da ƙarancin jini, saboda haka ba a yanke hukunci da ido kaɗai. Malamin dabbobi ya kan ɗebi ɗanyen kashi ya duba da madubi. Abin da ya gagari ƙaramin asibiti a kan aika da shi manyan wuraren bincike, irin na Vom da ke aiki tun 1924.

MAGANI DA ƘA'IDARSA

Makiyaya sun daɗe suna jiƙa sassaƙen maɗaci suna ɗura wa dabba, wannan kuwa shaida ce sun san cutar tun da. Magungunan asibiti su ne albendazol da lebamisol da aibamektin, akwai kuma na matsattsaku dabam. Lokutan da suka fi amfani su ne farkon damina, da tsakiyarta ga maruƙa, da ƙarshenta domin kashe masu laɓewa. Maganin macijin ciki a kan ba maraƙi yana kwana 10 zuwa 16, tun tsutsar ba ta fara ƙwai ba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mutum ya kan sayi ƙwaya a kasuwa ya raba ta ga shanu biyu don tsimi. Rabin awo ya kan kashe raunana ne kawai, ya bar masu ƙarfi su hayayyafa, har maganin ya daina ci. Lalle ne a ba da awo gwargwadon nauyin dabba. Ba a ba saniya albendazol cikin kwana 45 na farkon ciki. Ba a yi wa saniyar da mutane ke shan nononta allurar aibamektin. Kowane magani kuma yana da kwanakin da aka rubuta a jikinsa, waɗanda ba a sha ko sayar da nono sai sun cika.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Magani ya kan kashe tsutsar da ke cikin saniya, amma ba ya taɓa wadda ke kan ciyawa. In saniya ta koma filin jiya, cikin wata guda ta sake cika. Gyaran fili da ruwa kuwa ya fi ƙarfin makiyayi shi kaɗai, sai da hannun shugabanni.

Ya kamata Hakimi ya tara dagatai da ardo-ardo kafin ruwan fari, a karanta musu wannan bayani. A tsare burtali da hurumi kada a nome su, gama don haka aka kafa dokar hurumin kiwo a Jihar Arewa a 1965. Inda akwai rijiya, a gina komi a riƙa zuba wa shanu ruwa ciki maimakon su shiga tabki. A gargaɗi makiyaya su riƙa kaurar da dangwali da makwancin shanu zuwa busasshen wuri, a ware wa maruƙa filin da shanu ba su yi kiwo ba tun rani, kashin kuma a kwashe a tara shi ya ruɓe kafin a kai gona.

Malamin Hakimi ya buɗe littafi. Ya rubuta sunan kowace ruga, da yawan maruƙan da aka haifa, da waɗanda suka mutu, da watan da suka mutu, da mashayar da garken ya ke sha. Kowace ranar kasuwa ya tambayi Sarkin Fawa hanta nawa aka tarar da matsattsaku, daga wace nahiya shanun suka fito. Bayan shekara guda littafin nan zai nuna wace mashaya ce ke ɓarna, wane wata ne maruƙa suka fi mutuwa. Shi Hakimi zai miƙa wa likitan dabbobi, domin a kai magani inda ya dace, a lokacin da ya dace.