Mutum-Mutumin Kwatarkwashi Sun Bar Gida Ba A Ɗauke Su Hoto Ba

Duk baƙon da ya shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya nufi sashen koyar da zane da sassaƙa, zai tarar da wani lambu wanda ɗalibai suka cika da mutum-mutumi iri iri, waɗansu na siminti, waɗansu na ƙarfe, suna tsaitsaye a ƙarƙashin itatuwa. Da wuya mutum ya ratsa wurin bai tsaya ya ɗauki hoto ba. Haka kuma abin yake a kurmin Osun da ke Oshogbo, inda wata Baturiya ƴar ƙasar Ostiriya mai suna Susanne Wenger, tare da masassaƙan Yarabawa, suka shafe shekaru suna gina siffofi a tsakanin itatuwa, har hukumar UNESCO ta sa kurmin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2005. Siffofin waɗannan wurare biyu suna nan inda aka kafa su, kuma hotunansu sun bazu a hannun jama'a, ta yadda in ɗaya ya ɓace yau, gobe za a san kamanninsa da inda yake tsaye.

Jihar Zamfara ma tana da nata mutum-mutumin, sun kuma girmi na Zariya da na Oshogbo nesa ba kusa ba. Sai dai su ba a lambu aka jera su ba, a cikin ƙasa suke binne, kuma yawancin waɗanda aka tono sun bar ƙasar nan tun kafin wani ya tsaya a kansu da kyamara.

Matafiyin da ya baro Gusau ya kama hanyar Tsafe da Funtuwa ba zai yi nisa ba sai ya hango dutsen Kwatarkwashi, a cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ya tokare sama kamar an kife ƙwarya. Mutanen wajen sun fi sanin dutsen da tsohon bikin nan na kamun maiki. To, a wannan yanki ne, wajen tsakiyar shekarun 1990, aka yi wani irin haƙa wanda ba na rijiya ba ne, ba kuma na ma'adini ba. Abin da ake nema shi ne kawuna da siffofin mutane na gasasshen yumɓu, waɗanda wasu al'umma da suka zauna a wurin tun kafin zuwan Musulunci suka gina. Dillalai su saya a hannun mahaƙa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a bi da su ta kan iyaka, sai kuma a gan su a shagunan masu sayar da kayan tarihi a Turai da Amurka. Wani masanin tono tarihi ɗan Ingila, Patrick Darling, wanda ya daɗe yana aiki a Nijeriya, ya rubuta maƙala a 2000 yana kuka da wannan ɓarna, inda ya haɗa sunan Kwatarkwashi da na Nok.

A kasuwannin ƙetare ana kiran irin waɗannan siffofi da sunan "Sakkwato". Dalili kuwa shi ne a lokacin da suka fara fita, wannan yanki duka yana cikin Jihar Sakkwato ne, don kuwa ba a ƙirƙiro Jihar Zamfara ba sai ran 1 ga Oktoba, 1996. Saboda haka har sunan ma ba na gida suka tafi da shi ba. Masana suna gane su da girar nan mai nauyi da ta rufto a kan idanu, da fuska a murtuke, sau da yawa kuma da gemu. Akwai ƴan'uwansu da ake kira na "Katsina", waɗanda akan gina mutum zaune a kan wani abu mai kama da tulu. Gwajin da ake yi wa yumɓun don gano lokacin da aka gasa shi ya nuna cewa da yawansu sun yi zamani da na Nok, wato shekara dubu biyu ko fiye da suka wuce.

Labarin Nok ya isa ya nuna bambancin abin da aka rubuta da wanda ba a rubuta ba. A 1928 aka fara tsintar irin waɗannan siffofi a wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 kuma aka sami wani kai a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, wato dai ya mai da shi mutum-mutumi irin wanda Bahaushe ya sani tun asali. Da kan ya kai hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki mai ilmin tono tarihi, sai ya lura da kamanninsa da na 1928. Shi ne ya bi diddigi, ya riƙa rubuta inda kowane ya fito, har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Daga 2005 kuma masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka shafe shekaru suna tono a ƙasar Nok bisa ƙa'ida. Kwatarkwashi ba ta sami wannan gata a kan lokaci ba. Masu gatari da shebur sun riga masu alƙalami da kyamara isa.

Mai karatu zai iya tambaya, to me hoto zai tsinana, tun da kayan suna nan a ajiye a Turai? Amsar tana cikin abin da ya faru a Faransa. A watan Afrilu na 2000, Shugaba Jacques Chirac ya buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, a ciki kuwa har da siffofi uku daga Nijeriya, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, waɗanda aka sayo a hannun wani dillali a Beljiyam. A wannan shekara ce kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, ta sa na Nok da Sakkwato da Katsina a ciki. Aka yi ta cacar baki, har a 2002 Faransa ta amince cewa siffofin mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Wannan ya yiwu ne saboda sun faɗa hannun gwamnati, idon duniya kuma yana kansu. Amma waɗanda ke gidajen attajirai fa? Ƙasar da ke neman a mayar mata da kayanta dole ta kawo shaidar cewa daga cikinta aka fitar da su, da kuma lokacin da aka fitar. Hoton abu yana kwance a raminsa, da kwanan wata da sunan wuri, shi ne shaidar da dillali ba ya iya musantawa.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana tono irin waɗannan kaya ba da izini ba, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da takarda ba. Amma doka a takarda ba ta tsare rami a bayan dutse, balle a shekarun nan da ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, har ma'aikaci ba ya shiga daji sai da shiri.

Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa a fili ba. Jama'ar wannan yanki Musulmi ne, da yawa kuma ba sa ko son kallon siffar mutum da aka gina, suna kiranta gunki. Wannan ya sa wanda ya tsinta ba ya jin ya yi asara in ya sayar ko ya farfasa. Ba wanda ya ce a ajiye abin a ɗaka ana girmama shi. Abin da ake bukata shi ne a rubuta tarihinsa, kamar yadda ake rubuta na ganuwa da kufai da tsofaffin rijiyoyi, domin shi ne kaɗai bayanin da waɗancan mutane suka bari a kan kitsonsu da adonsu da irin gwanintarsu ta ginin yumɓu.

Yadda ake ɗaukar hoton kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, tun 1997 ma aka fitar da wani tsari na duniya mai suna Object ID wanda ƴan sanda da gidajen tarihi ke aiki da shi. A ɗauki abin tun ba a ɗaga shi ba, a haɗa har da ramin da abin da ke kewaye da shi, domin gawayi da fasassun tukwane da ke gefensa su ne ke nuna shekarunsa. A ajiye ma'auni a kusa, ko wani abu da kowa ya san girmansa, kamar akwatin ashana. A ɗauki gaba da baya da gefe da gefe. Sa'an nan a matso kusa a ɗauki ƙananan abubuwa: tsaga, da karaya, da zanen gashi, da ƙwayoyin tsakiya a wuya, don da su ake bambance wannan da wancan in an gan shi a kasuwa bayan shekara ashirin. Masu sana'ar hoto sun san cewa hasken hantsi ko na la'asar, wanda ke zuwa ta gefe, shi ke fito da zane. Ranar tsaka kuwa shafe shi take yi. A ƙarshe a rubuta sunan ƙauye da na mai gari da kwanan wata, a sanar da hukuma.

Yau kusan kowane saurayi a Gusau yana da kyamara a cikin wayarsa, wadda in an saita ta takan rubuta wuri da lokaci da kanta. Manomin da garmarsa ta ci karo da kan yumɓu a gindin dutsen Kwatarkwashi yana da kayan aikin da Bernard Fagg bai taɓa riƙewa ba. Wa'adin farko na aron da aka ba Faransa kuwa, in aka lasafta daga 2002, zai cika ne a 2027.